Sanduna Goma Sha Huɗu Na Bagindo

Saura sati uku a yi bikin jikata Nelfi, ubanta, wato surukina Bagindo Darwis, ya miƙe a tsakar gidana ya yi shelar cewa daga bana an daina karya sandar kiɗa a ƙasar Pariaman.

Ba wanda ya tambaye shi. Makaɗa ne ke gwaji da la'asar a gindin kwakwa, sandar ɗayansu ta tsage, ya jefar ya ɗauki wata a kwando, kamar yadda ake yi tun ina yarinya. Bagindo ya tsinci guntun, ya juya shi, ya shinshina, ya girgiza kai kamar likitan da aka kira bayan mara lafiya ya cika.

"Wannan ai ba itace ba ne, rake ne," in ji shi. "Ni da na yi aiki a kamfanin kujeru a Pekanbaru..."

"Wata huɗu," na ce daga bakin turmi. "Kana share garin katako."

"Amak," in ji shi, wato Inna, yadda suke kirana, "ai mai sharar ne ke ganin cikin katakon."

Gangunan na gidana ne, kamar yadda gidan yake nawa, kafin ni kuma na uwata. Tambua shida, manya masu fuska biyu da ake ratayawa a kafaɗa, da tasa ɗaya, 'yar ƙaramar ganga mai fuska ɗaya kamar kwano, wadda ita ce ke ba sauran umarnin su fara, su juya, su tsaya. Shekara arba'in ke nan Ajo Tamar yake riƙe da tasar nan. Tsoho ne mara son magana, amma ranar ya daure ya yi.

"Bagindo, kowace ganga da irin sandarta. Tambua tana son itace mara nauyi, wanda zai taɓa fata ya dawo da kansa. Tasa kuwa ba ta son itace sam, sai siririn rotan mai lanƙwasa, irin wanda ake saƙa kujera da shi. Kuma da gangan muke zaɓar wanda zai karye. In sandar ta ƙi karyewa, wani abu zai karye a madadinta."

"Tunanin ƙauye ke nan, Ajo. Zan yi muku sanda iri ɗaya, ta kowace ganga, ta kowane kiɗa, wadda jikokin Nelfi za su gāda. Ranar bikin nan, dangin ango na ƙetaren gada za su san 'yar wa suka samu."

Da a nan na taka masa birki, da an huta. 'Yata Yusnimar ce ta biyo ni madafa tana murza hannu.

"Amak, a bar shi mana. 'Yarsa ce za ta yi aure, kawunnanta sun kwashe duk aikin. Shi ba a ba shi komai ba sai ya sa riga ya gaisa da baƙi."

"Shi ma in ya iya, na gode Allah."

Amma na bar shi. Na ce a raina, ya yi ta wasa da katako, tsofaffin sanduna suna nan a kwando. Ina da nama kilo sittin da zan mayar randang, naman nan da ake dafawa da madarar kwakwa har ya ƙafe, kuma mun riga mun yi alkawari da Datuak, kawun ango, cewa da ganga bakwai za mu je ɗauko ɗan 'yar'uwarsa Hendri, kafin azahar, don a ƙasarmu dangin amarya ne ke ɗauko ango. Datuak mutum ne da yake riƙe alkawari kamar yadda kaguwa ke riƙe yatsa.

Washegari da safe Bagindo ya hau mangwaron maƙwabciyata Baidar da zarto. Ya zaɓi reshe mafi kauri, bai lura da gidan jajayen tururuwa da ke naɗe a ganyensa ba. Ya sauko da saurin da ya ninka na hawansa sau goma, ya bar zanensa a reshe yana kaɗawa.

Baidar ta leƙo ta taga. "Bagindo, itace ka zo nema, ko shanya ka kawo?"

"Etek," ya ce, wato goggo, "ina gwada ƙarfin reshen ne."

"To ya ka same shi? Don ni daga nan naka ƙarfin kawai nake gani."

Ya sassaƙa sanduna huɗu daga ɗanyen reshen, ya shanya a kan rufin kwano. Cikin kwana uku suka lanƙwashe kamar ayaba. Ya ce dama na gwaji ne.

A satin ne taɓaryata ta ɓace.

Ba taɓarya ba ce irin ta kasuwa. Ta baƙin itace ce, mai nauyin yaro ɗan shekara biyu, tsawonta ya kai ni, ta kakata ce, kuma kakar tawa ta yi mata tsaga uku a wuya don kada a musanya mata a wurin dakan biki. Gara ta gwada ta ta haƙura. Na birkice gidan, ban gan ta ba.

"Amak, ni dai ban ce komai ba," in ji Bagindo yana kurɓar kofi. "Amma ranar Talata na ga Etek Baidar tana yi mata wani irin kallo."

Ban tsaya tunani ba, na nufi shinge. Abin da na faɗa wa Baidar da abin da ta mayar mini ba na rubutawa ba ne. Shekara hamsin muna aron gishiri a hannun juna, ranar muka tono har abin da ya faru a bikin aurenta.

"Jawanis, zan zo bikin jikar taki," ta ce daga ƙarshe, "don in ci randang ɗinki in gaya wa kowa gishiri ya yi yawa."

Na tuna daga baya cewa a ranar da taɓaryar ta ɓace na ga Bagindo ya hau babur zuwa gari da wani dogon abu naɗe a tabarma. Ya ce sandar labule ce zai kai a miƙe. Bayan kwana biyu ya dawo da sanduna goma sha huɗu, baƙaƙe, sumul, an goge su a inji har suna ɗaukar ido. Ya jera su a kan tebur a shagon kofi ya ce wani abokinsa ne ya aiko masa da itacen daga Kalimantan, irin wanda ake kafa gadar jirgin ruwa da shi.

Ajo Tamar ya ɗaga ɗaya, ya auna a hannu, ya ajiye a hankali. "Ɓauna za a kashe?"

"A kawo mu gwada a ganga," in ji Pendi, babban makaɗinmu, ƙato mai wuyan sa.

"Ba yanzu ba. Saura mataki na ƙarshe."

Matakin ƙarshen shi ne ya ɗaure su a buhu ya nutsa su cikin taɓon tafkin kifin bayan gida. Haka muke yi wa gorar da za a yi gini da ita don kada ƙwaro ya ci. Ba wanda ya taɓa yi wa sandar kiɗa haka, balle itacen da ƙusa ma ba ta shigarsa. Kwana goma suka yi a can, don haka ko sau ɗaya ba a gwada su a fata ba.

Ana gobe biki ya tsamo su. Warin da ya taso ya sa agwagina suka koma gidan Baidar. Ya wanke da sabulu, ya goga lemun tsami, ya turara da hayaƙi, wari na nan daram. Sai ya faki idona na shiga ɗaki duba kayan amarya, ya je bakin tukunyar randang da ludayi ya yaɗe man da ya taso sama, ya shafe sandunan tas. A daidai lokacin mata suka ce wuta na neman itace. Bagindo ya ɗauko kwandon tsofaffin sanduna, har da rotan ɗin Ajo Tamar da ya yi shekara tara yana lallaɓawa, ya juye a murhu.

"Zamaninku ya wuce," ya ce musu.

Yusnimar ta gani da idonta, ta ɓoye mini. Na haifi 'ya mai son mijinta, wannan ita ce jarrabawata.

Da safe aka zaunar da Nelfi aka ɗora mata kambun amarya, wannan tulin furannin ƙarfe masu ruwan zinariya da nauyinsa ke sa wuya ya sage. Ba a sauke shi sai ango ya zo ya zauna kusa da ita. Na ce mata ta daure, awa ɗaya ce.

A waje na tarar da makaɗa sun yi cirko-cirko a kan sandunan, waɗanda kiyashi ya rufe su baƙi ƙirin saboda mai.

"Ina kwandon?" na ce.

Ajo Tamar ya nuna mini tukunyar randang da haɓa.

"Uni Jawanis," ya ce, wato yaya Jawanis, "ni ba zan taɓa tasa da wannan ba. Tsohuwa ce, ba ta yi mini laifin komai ba." Ya cire ta daga wuyansa ya ajiye, ya harɗe hannuwa.

"Ba komai," in ji Bagindo, ya sure ta ya rataya. "Shekara ashirin da biyar ina jin kiɗan nan ta taga. Me ke cikinsa?"

Rana ta riga ta ɗaga, masu ɗauke da farantan kyauta a ka sun jeru, ɗana Nurman da zai yi magana a madadinmu yana ta duba agogo. Na dubi Bagindo, na ajiye maganata zuwa anjima. Ya gasa fatar tasar a wutar ganyen kwakwa kamar yadda ya ga ana yi don ta ɗaure, sai dai shi ya gasa ta har ta yi ƙamas. Alamar farawa bugu uku ce kawai, ko akuya za ta iya. Ya buga, tambua shida suka ɗauka, muka kama hanya. Ajo Tamar ya biyo mu a baya da hannuwa a harɗe, ya ce ba zai yarda a ba shi labari ba.

Kiɗan bai yi kama da na biki ba, ya fi kama da ana rushe gida. Kafin mu kai gada makaɗa sun jiƙe sharkaf, hannuwa sun yi nauyi, kowa na bugu yana karkaɗe kiyashi daga hammata. Karnuka biyar suka shiga jerin saboda ƙanshin nama. A tsakiyar gada sanda ta suɓuce wa ɗaya saboda santsin mai, ta tashi sama ta sauko a kan farantin gasasshiyar kaza da ƙanwar mijina ke ɗauke da shi. Kazar ta faɗa kogi. Bagindo ya ruga ya tsinto sandar ya ɗaga ta sama.

"Kun gani? Ko ƙwarzane babu."

Muka shiga farfajiyar gidan ango. Datuak na tsaye a saman matakala cikin baƙar riga, dattawa a bayansa, jama'a cike har kan katanga. Nan ne tasa za ta yi doguwar karkarwa, ta rufe da bugu ɗaya, kowa ya tsaya, dattawa su fara jawabi. Bagindo ya matsa tsakiyar fili inda kowa zai gan shi, ya ɗaga hannu biyu har sama, ya sauke.

Sandar dama ta shige fatar har wuyan hannunsa.

To, ga abin da mutanen ƙetaren gada ba su sani ba. Shekarun baya a wata gasar kiɗa, magoya bayan abokan hamayya suka yi ta ihun "ku tsaya", makaɗanmu suka tsaya, aka cinye mu. Tun daga ranar Ajo Tamar ya sa suka rantse cewa kai a sunkuye za su riƙa kiɗa, kuma ko rufin masallaci ne ya faɗo, ba mai tsayar da su sai tasa.

"Ku tsaya," in ji Nurman.

Suka ci gaba.

"A ce su tsaya mana," in ji dattawan ango. Jama'a suka ɗauka baki ɗaya. Na ga Pendi ya yi murmushi ƙasa-ƙasa, irin na wanda ya gane dabarar, ya ƙara ƙarfi.

Datuak ya kwana bakwai yana shirya jawabinsa, kuma ba mutumin da zai fasa ba ne. Ya buɗe baki ya fara. Muna ganin leɓensa na motsi kamar na kifi a kwando. Da ya rufe baki, Nurman ya ɗauka an zo wurinsa, shi ma ya yi nasa. Daga baya muka ji ashe Datuak tambaya ya yi ko waɗannan mutanen lafiyarsu ƙalau, Nurman kuma ya amsa da cewa haka muka gāda kaka da kakanni.

Bagindo, hannu ɗaya maƙale cikin tasa, ya bi makaɗa ɗaya bayan ɗaya yana yi musu kiɗan tsayawa da baki. "Tarrrrr, tak. Tarrrrr, tak." Wani kare ya kama gefen wandonsa.

Gangunan ne suka tsayar da kansu. Ta farko ta yi "bus", ta biyu ta bi ta. Fata shida da suka ga bikin uwata suka fashe ɗaya bayan ɗaya, kamar ana fasa gwanda. Ta Pendi ce ta ƙarshe. Da ta tafi, sandarsa ta fice daga hannunsa, ta yi ta juyi a ƙasa har ta tsaya a kan yatsun ƙafata.

Wurin ya yi tsit. Na sunkuya na ɗauka. Rana ta haska jikinta, sai ga tsaga uku a gefe, injin bai gama cinye su ba.

Baidar ce tsaye kusa da ni, ta zo cin randang kamar yadda ta yi alkawari. Ta miƙo wuya ta duba.

"Ikon Allah," ta ce, yadda na kan katanga ma za su ji. "Jawanis, ashe kakarki 'yar Kalimantan ce."

"Bagindo," na ce. "Zo nan."

"Amak, bari in yi bayani. Taɓarya ɗaya mutum ɗaya take wa amfani. Yanzu kuwa mutum bakwai..."

"Baidar, na zalunce ki, ki yafe mini. Riƙe mini wannan, don in tana hannuna zan zama mai kisan kai a bikin jikata."

Datuak ya yi gyaran murya. Yanzu kowa na jin sa, kuma ya ji daɗin hakan.

"Uni Jawanis, an yi magana a gaban dattawa. Da kiɗan ganga bakwai Hendri zai sauko matakalar nan. Ban ga ganga ba, ban ji kiɗa ba. Ku koma, in kun shirya ku sa wata rana."

Na tuna Nelfi zaune da tulin ƙarfe a ka, ga baƙi ɗari huɗu, ga nama kilo sittin. Na dubi gangunan da ke rataye kamar kwandunan da ɓera ya ci. Sannan na dube su da kyau.

"Pendi, fuska nawa gangarka take da ita?"

"Biyu, Amak."

"Nawa ka fasa?"

Ya juya ta. Ɗaya fuskar lafiya lau. Sauran biyar suka juya nasu.

Na wuce Datuak na shiga madafar gidansu ba sallama. Matan da ke can sun ga komai ta taga, tuni uwar ango ta fara zaro mini itacen wuta, busassun rassa marasa nauyi. A igiyar shanya na ga abin kaɗe katifa na rotan, na sa ƙafa na take kansa na zare sirara biyu. Na kwashe ganyen taunawa daga farantin tagullar da muka zo da shi na zuba wa Baidar a zane, na miƙa wa Ajo Tamar farantin da rotan.

"Uni, faranti fa."

"Shekara arba'in ina ba ka kofi kyauta. Buga."

Ya lanƙwasa rotan ɗin, ya saki, ya saurari yadda ya yi rawa. Ya taɓa farantin. Ƙarar ta fita siririya, tsaf, har bayan katanga.

"Shida na ƙirga," in ji Datuak. "Faranti ba ganga ba ne."

"Ta bakwai ga ta can a wuyan surukina, har da hannunsa a ciki kyauta. Ka ce mu zo da bakwai, mun zo da bakwai. Ka ce a yi kiɗa, ga shi za a yi. In ka ce a gaban dattawa kowace sai ta yi ƙara, a tuna mini."

Datuak ya juya ga dattawansa. Ɗaya ya rufe baki da hula, kafaɗunsa na rawa. Daga cikin gida uwar ango ta ɗaga murya ta kira yayan nata.

"Uda, yaron nan ya jiƙe riga biyu da gumi. In ba ka sake shi ba, kai za ka zauna da shi."

Ajo Tamar ya yi bugu uku. Tambua shida suka ɗauka da itacen wuta, kiɗan ya tashi wasai, mai tsalle, har ƙafar Datuak ta fara motsi ba da izininsa ba. Hendri ya sauko. A hanya sanduna huɗu suka karye, aka jefar aka ɗauki wasu, ba fatar da ta ko yi tari. Bagindo ne a ƙarshen jeri, rungume da sandunansa goma sha huɗu, tasa a wuya, karnuka na yi masa rakiya. Mun shiga gida ana kiran azahar. Nelfi ta ɗago ido da ƙyar ta dube ni, kakarta, ta ce, "Nenek, awa ɗayar ke nan?"

Baidar ta ci faranti uku, ta ce gishiri ya yi yawa.

Bayan baƙi sun watse na fito da jakar kayan Bagindo na ajiye a bakin matakala, ya san ma'anar hakan, don a ƙasarmu miji baƙo ne a gidan matarsa. Yusnimar ta yi kuka har muryarta ta dushe. Na mayar da jakar ciki, na fito da turmi a madadinta. Tunda shi ya raba taɓaryata gida goma sha huɗu, duk shinkafar da za a daka a gidan nan shi zai daka, da su. Haka ake yi har yau. Kowace Alhamis yana zaune a gindin kwakwa, turmi a tsakanin ƙafafu, sanda a kowane hannu, dakan da nake gamawa kafin ruwa ya tafasa yana kai shi la'asar. Masu wucewa kan tsaya su tambaye shi wane kiɗa ne wannan.

Shekara bakwai ke nan. Makon jiya na wuce shagon kofi na ji shi yana gaya wa wani baƙo cewa a duk ƙasar Pariaman ba wanda ya kai shi sanin itace. Da ya hango ni bai ko ji kunya ba.

"Amak, ki faɗa masa gaskiya tsakaninki da Allah. Cikin goma sha huɗun nan, ko ɗaya ta taɓa karyewa?"

"Ko ɗaya," na ce. "Gobe Alhamis, na jiƙa mudu biyar."